Ina da ɗan jari a hannu amma na rasa sana'ar da zan kama, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ƙanwarku ce ke neman shawara. Shekara biyu ina aikin albashi, na matse bakin aljihu har na tara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ina so in juya shi kafin ya narke a hannuna. Wata uku ke nan ina rubuta dabarun sana'a a littafi, sun kai arba'in, amma duk wadda na ɗauka, da na leƙa intanet sai in tarar mutum ɗari sun riga ni. Ɗinki, sabulu, sayar da kaya ta waya, duk kasuwa ta cika. Lokacina kuwa yamma ne da ƙarshen mako. Ta ina ake samo abin da ba a yi masa rubdugu ba? Ko dai ni ce ba ni da kan kasuwanci?

Tsohon ɗan tireda:
Wa alaikumus salam, 'yata. Bari in tambaye ki. A cikin arba'in ɗin nan, guda nawa ne kika ji wani da kunnenki yana ƙorafin rashinsu? Ina zaton babu ko ɗaya, a ɗaki kika zauna kika ƙago su. Ki ajiye wannan littafin ki ɗauki sabo. Na mako biyu, duk inda kika ji mutum ya ja tsaki, a wurin aiki ne, a gida ne, a cikin mota ne, ki rubuta abin da ya sa shi tsakin. Kada ki rubuta mafita, tsakin kawai. Wanda ya maimaitu daga bakin mutane daban-daban, ki ja masa layi. Tsakin da mutum yake yi kullum, yakan yarda ya biya a raba shi da shi.

Yawan masu yin abu kuwa kada ya tsorata ki. Shi ne shaidar cewa akwai masu saye. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sana'ar da babu kowa a cikinta.

Mai yawan karance-karance:
Baba ya gama magana, ni dai zan ɗora hujja. Bette Nesmith Graham sakatariya ce a wani banki a Dallas ta Amurka. Kuskuren buga tafireta ya ishe ta, sai ta riƙa zuwa ofis da farin fenti a kwalba tana shafe kuskuren da ɗan buroshi. Abokan aikinta suka fara roƙo, a 1956 ta fara sayarwa. A 1979 kamfanin Gillette ya sayi kamfaninta, Liquid Paper, a kan dala miliyan 47.5.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne akwatin tafiya. Taya ta daɗe a duniya, akwati ma haka, amma mutane suna ta ciccibar kaya a filayen jirgin sama har 1970, lokacin da Bernard Sadow ya ga ma'aikaci yana tura injin mai nauyi a kan katako mai taya, ya koma gida ya maƙala wa akwatinsa taya huɗu. Nasa ma bai gama warware matsalar ba, don yakan kife idan ana jan sa. Sai a 1987 wani matuƙin jirgi, Robert Plath, ya tsayar da akwatin a kan taya biyu ya sa masa dogon mariƙi, irin wanda muke gani yau. Kin ga na biyun bai ƙirƙiro komai ba, gyara ya yi wa abin da wani ya riga shi.

Maman uku:
Ƙanwata, ni ban san waɗannan Turawan ba, amma ga tsakin da nake ji kullum, ki zaɓa. Yara suna fin ƙarfin kayansu tun ba su tsufa ba, iyaye na da jakunkuna cike da tufafi masu kyau sun rasa yadda za su yi da su, ga wasu iyayen suna neman mai sauƙi. Ki tsaya a tsakiya: ki karɓa, ki wanke, ki goge, ki ware bisa shekaru. Akwai kuma kayan da mutum ke bukata sau ɗaya ko biyu a shekara, kamar tsani, injin huda bango, babban akwati, ba ya son saye amma zai karɓi haya. Sai tsofaffi da 'ya'yansu suka saya musu babbar waya suka tafi suka bar su da ita, babu mai haƙurin zama ya koya musu. Sai zif ɗin jaka da ya lalace, jakar kuwa lafiyarta ƙalau.

Ni da lambar suna na fara, irin wadda ake liƙa wa kayan 'yan makaranta, don ɗana ya ɓatar da gorar ruwa uku a zango ɗaya. Amma ki ji kuskurena. Don ɗoki, na zuba kusan duk jarina na yi odar kaya masu yawa daga wani dillali ban gwada samfuri ba. Wanki biyu, duk suka ɓare. Wata shida na yi ina farfaɗowa, ga kunyar iyayen da suka saya don sun san ni.

Mai faɗin gaskiya:
Ku yi haƙuri in ɗan ɓata muku rawa. Malam mai karance-karance, labarin waɗanda suka ci nasara ne kawai ke iso mana. Dubban da suka ga tsaki suka zuba kuɗi suka tashi a tutar babu, wa ya rubuta tarihinsu? A Amurka, alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago suna nuna kusan ɗaya cikin biyar na sababbin kasuwanci ba sa wuce shekarar farko, kusan rabi kuma ba sa kai shekara biyar. Sannan George de Mestral, ɗan Suwizalan da ya ga irin ƙarangiyar nan ta maƙale a gashin karensa a 1941, sai 1955 ya samu takardar mallakar Velcro, maɗaurin nan mai mannewa na takalma da jakunkuna da ya ƙirƙiro ta hanyar kwaikwayon ƙarangiyar. Shekara 14. Ƙanwarmu yamma da ƙarshen mako kawai take da su. Kuma mutane suna tsaki a kan abubuwa da yawa da ba za su taɓa ciro kuɗi a kansu ba. Ki tambayi ƙawarki ko za ta saya, za ta ce "sosai ma" don kada ranki ya ɓaci.

Tsohon ɗan tireda:
Gaskiyarka ɗana, shi ya sa ba a tambayar "za ki saya?" Ana cewa "ga shi, kawo kafin alƙalami." Wanda ya sa hannu a aljihu shi ne mai saye, sauran 'yan kallo ne. 'Yata, ki raba jarinki kashi goma, ki yi gwaji da kashi ɗaya kawai. In ya tafi, kuɗin makaranta kika biya. Kuma kada ki ƙidaya dangi a cikin masu saye. Ki nemi baƙi goma da ba su san ki ba. In uku sun dawo karo na biyu ba tare da kin kira su ba, to akwai magana. Wajen lissafin riba kuma ki sa kuɗin mota, kuɗin data da awannin da kika ɓata. A nan masu fara sana'a ke yaudarar kansu, ciniki na tafiya, aljihu na ramewa.

Mai yawan karance-karance:
Na karɓi gyara, Yaya. Amma shawarar Baba ma tana da misali. A 1999 Nick Swinmurn ya so ya san ko mutane za su sayi takalmi ta intanet ba su gwada ba. Bai cika rumbu da kaya ba. Shaguna ya bi yana ɗaukar hoton takalma yana sawa a shafinsa, in an yi oda ya koma ya saya ya aika. Riba ba ta dame shi ba a lokacin, amsa yake nema. Wannan shi ne asalin Zappos, wanda Amazon ya saya a 2009.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Kwana huɗu da fara littafin tsaki, abu ɗaya ya fito sau biyar: abokan aikina ba sa samun lokacin kai takalmi, jaka ko agogo wurin gyara, don kafin mu tashi masu gyaran sun rufe. Ina tunanin in riƙa karɓa ranar Juma'a in dawo da su Litinin. Mutum biyu har sun ba ni jakunkunansu. Maman uku, in mai gyara ya lalata kayan mutum, wa zai biya?

Maman uku:
Ke za ki biya, ƙanwata, don ke aka ba. Ki ɗauki hoton kowane kaya a gaban mai shi kafin ki karɓa, ki daidaita da mai gyaran tun kafin ki kai masa na farko, kuma agogo mai tsada ki bar shi tukuna.