Muhawara: shin gaɓoɓi masu ninkewa sun fi injin lantarki dacewa da Sakkwato?

Malamin injiniyanci: Assalamu alaikum. Ina da ra'ayin cewa gaɓoɓin mutum-mutumi masu ninkewa, waɗanda aka aro dabararsu daga origami, fasahar ninke takarda ta Japan, sun fi ƙaramin injin lantarki dacewa da ƙasarmu. A 2014 masu bincike na jami'o'in Harvard da MIT a Amurka sun nuna wani shimfiɗaɗɗen faifai da ya ninke kansa cikin kimanin minti 4, ya miƙe ya kama tafiya. Siraran layukan jan ƙarfe ne suka ɗumama robar da ke gaɓoɓin, ta tsuke, ta ja ninkin. Gaɓar da ba ta da boris ba ta da giris, ƙurar hunturu ba ta da abin da za ta cinye.

Mai gyaran fanka da injin ban-ruwa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara sani, batun ƙura gaskiya ne, domin duk injin da na buɗe bayan hunturu sai na tarar giris ya koma baƙin taɓo. Sai dai ina tambaya: abin da zafi ke motsawa, yaya zai yi a watan Afrilu, lokacin da inuwa kanta ke wuce digiri 40?

Ɗalibar injiniyanci: Tambayar Baba ita ce zuciyar maganar. Da farko, Malam, robar wancan faifan sau ɗaya take tsukewa, kuma ƙananan injina biyu ne suka tafiyar da ƙafafunsa. Idan ana son gaɓa ta riƙa ninkewa tana buɗewa, galibi wayar nitinol ake sa mata, wato gamin nikel da taitaniyom, wadda ke tsukewa idan lantarki ya zafafa ta. Amma ba ta sakewa sai ta huce, kuma saurin hucewarta ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin zafinta da na iskar da ke kewaye da ita. A bazararmu wannan tazara raguwa take yi, sai motsin ya yi nauyi, ga shi kuma mafi yawan wutar a zafi take salwanta.

Malamin injiniyanci: 'Yata, ba kowace gaɓa ce ke aiki da zafi ba. Akwai robobi masu ɗaukar lantarki, waɗanda gano su ya sa aka ba masana kimiyya Heeger da MacDiarmid da Shirakawa kyautar Nobel a 2000. Irin su folifairol kumbura suke yi su saki da wutar da ba ta wuce ta ƙaramin batir ba. Kuma ni aikin da ba ya son gaggawa nake hange, kamar buɗe allon sola da safe a rufe shi da magariba. Ninkin Miura, wani salon ninki na origami, ya yi irin wannan aiki a wani tauraron ɗan'adam na Japan a 1995.

Ɗalibar injiniyanci: Waɗannan robobin, Malam, sai da ruwan sinadari ko danshi suke motsi, ƙarfinsu kuma kaɗan ne. Iskar da ke tsaga leɓe da dunduniya a Janairu ba za ta bar musu danshi ba, sai an lulluɓe su da kyau.

Mai gyaran fanka da injin ban-ruwa: Ni abin da ya fi damuna shi ne gindin ninkin. Wayar jan ƙarfe idan aka yi ta lanƙwasa ta a wuri ɗaya, a nan ne take karyewa. Injin da ya ƙone zan sake masa naɗin waya a rumfata, amma layin da aka buga a cikin roba, Malam, wane ne a Sakkwato zai iya ɗinke shi?