Me ya raba shugabannin Mormon da gemu?

Mai Nazari: Jama'a, barkanku da war haka. Na ga jerin hotunan shugabannin cocin Mormon, mai hedikwata a Salt Lake City ta jihar Utah a Amurka, sai na lura cewa na da can gemu ne har ƙirji, su Lorenzo Snow da Joseph F. Smith, amma na yanzu ko ƙasumba babu. Shin koyarwar addininsu ce ta sauya, ko kuwa al'ada ce kawai?

Dattijon Zaure: Malam, babu wani nassi a littattafansu da ya haramta gemu. Wanda ya kafa cocin ma, Joseph Smith, ba ya ajiye shi, amma tun daga magajinsa Brigham Young har zuwa George Albert Smith, wanda ya rasu a 1951, duk shugabannin masu gemu ne. David O. McKay ne ya hau a wannan shekara da fuska a aske, kuma duk waɗanda suka biyo bayansa haka suka yi. A ganina, cocin ya so ya raba kansa da kamannin dattawan zamanin auren mata da yawa, wanda aka sanar da dainawa a 1890, domin mabiyansa su saje da sauran Amurkawa masu kwat da aikin ofis.

Malama Mai Alli: Gaskiya ne, ranka ya daɗe, sai dai dokar hana gemu a rubuce daga Jami'ar Brigham Young, mallakar cocin, da ke garin Provo ta yi ƙarfi, a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da dogon gashi da gemu suka zama alamar matasa masu bore da zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam. Dallin H. Oaks, da ya karɓi shugabancin jami'ar a 1971, ya bayyana wa ɗalibai cewa dokar ta zamani ce kuma tana iya sauyawa. Abin mamaki, ta wuce shekara 50 tana nan. An yarda da gashin baki idan an gyara shi, amma mai son barin gemu sai ya nemi izini na musamman, misali wanda reza ke fesa wa ƙuraje a wuya, ko wanda zai fito a wasan kwaikwayo. A 2014 ɗalibai sun yi jerin gwano a kan kekuna, wasu da gemun kwali a haɓa, kuma a 2015 aka tabbatar da rangwame ga masu dalilin addini, irin su Musulmi da mabiya Sikh.

Baƙon Zaure: Ina ganin ya kamata a bambanta hukumomin cocin da talakawan mabiya. Matasan da ake turawa wa'azi dole ne su yi aski tas, haka ma ɗaliban makarantun cocin, domin ko gyaran ƙa'idojin da aka yi a 2023 bai ɗage wannan sharaɗi ba. A majami'un unguwa kuwa, magidanci mai gemu yana zuwa ibada ranar Lahadi babu mai hana shi, ko da yake wasu tsofaffin jagorori har yanzu sukan ja mutum gefe su roƙe shi ya aske idan za a ba shi muƙami.