Wai waye ke bin diddigin kuɗin tafiye-tafiyen ministoci ne, majalisa ko sai Allah?

Ɗan_Bakin_Kasuwa ya rubuta:

Salamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah tambaya gareni ga waɗanda suka san kan gwamnati. Jiya bayan isha'i muna zaune a bakin shago musu ya kaure kan tafiye-tafiyen ministoci, wani abokina ya dage wai ai minista ba ya hawa jirgi ya bar ƙasar nan sai majalisa ta sa hannu, ni kuma na ce masa wlh ban taɓa jin haka ba. Abin da ya jawo zancen shi ne wani ya tuno taron sauyin yanayi da aka yi a Dubai ƙarshen 2023, wanda 'yan Najeriya 1,411 suka yi rajista, da aka yi wa gwamnati ca sai ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya fito ya ce ai su mutum 422 kawai suka ɗauki nauyi. Kawai fa ya ce. Toh ni abin da nake so na sani, wa ke da alhakin tambayar nawa aka kashe, kuma in minista ya wuce gona da iri me majalisa za ta iya yi masa? Don ni duk umarnin rage tafiya da na taɓa ji daga fadar shugaban ƙasa yake fitowa, ban taɓa ji daga majalisa ba.

Lauyan_Unguwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam kai ne da gaskiya, abokinka ya biya kuɗin shayi. Izinin fitar minista waje daga ɓangaren shugaban ƙasa yake zuwa, majalisa ba ta sa hannu a kan kowace tafiya. Inda hannunta yake wuri uku ne. Ita ke amincewa da kasafin kuɗi, kuma kowace ma'aikata tana da layin tafiye-tafiye na cikin gida da na waje a kasafinta. Sai sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999, sun ba ta ikon yin bincike don bankaɗo cin hanci da sakaci da almubazzaranci, ta kira kowa ya zo da takardu, in ya ƙi zuwa har sammacin kamo shi za ta iya bayarwa, sashe na 67 ma ya ce minista ya halarci zauren in an gayyace shi ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Na ukun shi ne sashe na 85, odita janar zai kai rahotonsa majalisa cikin kwana 90 da karɓar bayanan akanta janar, sai kwamitin asusun gwamnati na kowane zaure ya zauna a kai.

Amma fa ka riƙe wannan, majalisa ba ta iya korar minista. Iyakarta ta yanke shawara ta aika wa shugaban ƙasa, in ya ga dama ya bi in bai ga dama ba ya sa a durowa.

Tsohon_Ma'aikaci ya rubuta:

Barista ya faɗi abin da ke takarda, bari ni kuma na faɗi abin da idona ya gani, don na yi shekaru a sashen kuɗi na wata ma'aikatar tarayya kafin na yi ritaya.

Da farko ku gane me ya sa kowa ke son tafiya waje. Ba taron ake so ba, estakod ake so, wato alawus ɗin kwana a ƙasar waje. Minista dala 900 ne a kowane dare, babban sakatare dala 600, haka ake saukowa har kan ƙaramin ma'aikaci, kuma wannan ban da tikiti. Ka lissafa kwana goma a canjin yau ka gani. Shi ya sa in takardar gayyata ta shigo ofis kafin la'asar sunaye sun cika, wanda aikin ya shafa kai tsaye sau da yawa shi ne na ƙarshe a jerin, wani lokacin ma shi ake cirewa in aka ce a rage.

Toh ranar kare kasafi ita ce ranar da ya kamata a ce an tsare mu. Mu kan kwana uku muna haɗa takardu muna fargaba, mu shiga ɗakin kwamiti da fayil-fayil, wlh sau nawa aka gama zaman ba wanda ya buɗe shafin tafiye-tafiye, tambayar duk a kan ayyukan kwangila take da kuma ko an sa wani aiki a mazaɓar wane, in an ga 'yan jarida sun yi yawa sai a ce su fita za a yi zaman sirri. Kuma abin da ya fi ci min rai, in kwamiti zai zo ziyarar sa ido a kanmu, wasiƙa ake aiko mana mu tanadi mota da masauki da sauran abin da ya sawwaƙa. Wato mu da za a bincika mu ne ke biyan kuɗin zuwan mai binciken. In baki ya ci ai dole ido ya ji kunya. Ban ce duka haka suke ba, na ga 'yan majalisa biyu uku da ke zuwa da tambayoyinsu a rubuce kuma ba sa karɓar ambulan, amma irinsu ba a cika barinsu su daɗe a kwamiti mai maiƙo ba.

Kada ku ce labarin tsoho ne, an taɓa yinta a bainar jama'a. A 2012 ana tsakiyar zaman sauraron bahasi a talabijin, Arunma Oteh shugabar hukumar kula da kasuwar hannun jari ta juya kan shugaban kwamitin Herman Hembe, ta zarge shi da karɓar tikiti da estakod daga hukumarta don zuwa taro a Jamhuriyar Dominika kuma bai je ba. Ya musanta, amma sai da ya sauka daga jagorancin binciken. Ranar a ofis ɗinmu ba wanda ya yi mamaki, dariya kawai aka dinga yi ƙasa-ƙasa.

Shi kuma rahoton odita da Barista ya ambata, yana fitowa ne bayan shekara biyu uku da kashe kuɗin, lokacin ministan ya tafi, babban sakataren ya yi ritaya, sai a kira sabon da bai san hawa ba bai san sauka ba ya zo ya amsa. Ihu bayan hari kenan.

Maman_Ilham ta rubuta:

Baba Allah ya ƙara lafiya, ka gama magana. Ni abu ɗaya zan ƙara wa mai tambaya, ka koma ka duba yadda gwamnati ta rarraba mutum 422 ɗin nan na Dubai. Fadar shugaban ƙasa 67, ma'aikatu 167, majalisar tarayya 40. Arba'in! Toh wa zai tashi a zaure ya ce an yi almubazzaranci alhali shi ma yana cikin jirgin? Kuma a shekarar ce dai suka raba wa kansu manyan jif-jif sababbi fil, wanda rahotanni suka ce kowace ta kai wajen naira miliyan 160, lokacin mu muna lissafin kuɗin adaidaita bayan cire tallafin mai. An ba kura ajiyar nama ana tambayar ina nama.

Sarkin_Musu ya rubuta:

Hajiya a yi adalci dai. Ba wai ina kare su ba ne amma ba daidai ba ne a ce ba su taɓa yin komai ba. Maganar Stella Oduah, ministar sufurin jiragen sama ta lokacin fa? 2013 aka gano hukumar kula da sufurin jiragen sama ta sayi motoci biyu ƙirar BMW masu sulke a kan naira miliyan 255, kwamitin majalisar wakilai ya zauna a fili ya kira ta, zauren ya amince da rahoton ya ce shugaban ƙasa ya sake duba zamanta a kujerar, Fabrairun 2014 Jonathan ya sauke ta. In da ba a yi wannan zaman ba ina ganin da maganar ta bi ruwa. Kuma rigimar kasafin 2024 ai daga bakin ɗan majalisa ta fito, Sanata Abdul Ningi, a hirarsa da BBC Hausa ya yi maganar naira tiriliyan 3.7 da ya ce ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba.

Maman_Ilham ta rubuta:

Toh Malam sai aka yi masa me? Dakatar da shi suka yi na wata uku, 'yan uwansa sanatoci da kansu. Ita kuma Oduah da ka kawo, 2015 ta shiga majalisar a matsayin sanata. Ka kawo min hujjata da hannunka.

Lauyan_Unguwa ya rubuta:

Hhhh Sarkin Musu yau an kama ka. Amma in ana neman misalin da ya fi dacewa da tambayar, wato tafiya zalla, na Diezani ne. A 2014 majalisar wakilai ta ba kwamitin asusun gwamnati aikin binciken zargin an kashe kimanin naira biliyan 10 wajen hayar jirgin alfarma don zirga-zirgarta tana ministar mai. Ba ta zauna gaban kwamitin ba, kotu aka garzaya ana ƙalubalantar gayyatar, aka yi ta jan ƙafa har wa'adin majalisar ya ƙare, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa.

Kuma lura da mai tambaya ya yi daidai ce. Oktoban 2019 Buhari ne ya ce minista kada ya wuce tafiya biyu a wata uku, ya kuma hana su fita sai sun kare kasafinsu. Janairun 2024 bayan surutun Dubai Tinubu ne ya rage 'yan rakiya, shi kansa mutum 20 in zai fita waje, minista mutum 4, shugaban hukuma mutum 2. Maris ɗin shekarar kuma aka fito da dakatar da tafiya waje da kuɗin gwamnati na wata uku daga 1 ga Afrilu. Duk sakula ce, wato takardar umarni, daga ɓangaren zartarwa, ba doka ba ce, wanda ya rubuta ta shi ke da ikon ɗaga wa wanda ya so ƙafa. Ko ministar jin ƙai Betta Edu da aka dakatar a Janairun 2024 kan naira miliyan 585, takarda ce ta fita a soshiyal midiya mutane suka yi ta yayatawa, har da wadda aka ga kuɗin jirgi zuwa Kogi, jihar da jiragen fasinja ba sa sauka. Ba kwamiti ne ya tono ba.

Ɗan_Zango_Kumasi ya rubuta:

Gaisuwa daga Gana 'yan uwa. Mu nan akwai abin da nake ganin mun ɗan fi ku, ɗan majalisa ɗaya tilo yana iya shigar da tambaya a rubuce kuma dole minista ya zo zaure ya tsaya ya amsa kowa na ji. A 2021 ɗan majalisa Okudzeto Ablakwa ya sa shugaban ƙasa na lokacin Akufo-Addo a gaba kan hayar jirgin alfarma zuwa Faransa da Beljiyam da Afirka ta Kudu alhali ƙasa na da jirgin shugaban ƙasa, ya ce fam dubu 15 ake biya duk awa. Ministan tsaro Dominic Nitiwul ya zo amsawa, cikin dalilan da ya kawo har da wai jirgin namu shugaba ba zai iya wanka a ciki ba, kai ranar gari ya ɗauka, har a tasha zancen wankan ake. Amma da aka zo kan ainihin nawa aka kashe sai aka yi ta tura tambayar daga wannan minista zuwa wancan, ƙarshe aka ce sirrin tsaron ƙasa ne. Kun ga mun samu abin dariya ba mu samu lissafi ba. Duk da haka maganar ta bi su har zaɓe, shi kuma Ablakwa yanzu shi ne ministan harkokin waje, muna nan mun zuba ido mu ga nasa tafiye-tafiyen.

Tsohon_Ma'aikaci ya rubuta:

Ɗan Zango ka tuna min da wata minista a Kanada, Bev Oda, da ta je taro Landan ta bar otal ɗin da aka kama mata ta koma Savoy mai tsada, aka ga har lemon dala 16 a cikin rasit ɗinta, surutu ya yi yawa ta biya kuɗin daga aljihunta, 2012 ta ajiye aiki. Abin lura ba tsoron Allah suka fi mu ba, rasit ɗin ne ake iya gani. Ingila ma duk bayan wata uku kowace ma'aikata na wallafa inda ministanta ya je da abin da aka kashe.

Mu ma ba a rasa ƙofa ba, yaran nan masu waya ku ne ba kwa shiga. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ka rubuta wa ma'aikata wasiƙa ka nemi jerin tafiye-tafiyen minista da kuɗin da aka biya, doka ta ba su kwana 7 su amsa. Sau da yawa ba za su amsa ba, na sani don na ga inda irin wasiƙun ke kwana, amma ka tabbata an buga maka hatimin karɓa a kwafinka, da shi ake zuwa kotu. Akwai kuma shafin baitulmali da aka buɗe a Disambar 2019 inda ake sa biyan kuɗin da ma'aikatu suka yi daga naira miliyan 5 zuwa sama, ƙungiyar BudgIT masu bin diddigin kasafi ma sun tattara shi a shafinsu na GovSpend yadda za ka rubuta sunan ma'aikata ka bincika. Yawancin labaran estakod da kuke gani a jarida daga nan ake ciro su.

Ɗan_Bakin_Kasuwa ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, Baba Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Na tura wa abokin nawa duka, ya karanta ya ce shi dai har yanzu bai yarda ba sai ya tambayi ɗan majalisarmu, na ce toh in ka same shi a gari ka gaishe shi, mu tun bayan zaɓe rabonmu da shi. Barista dan Allah in ba damuwa ka ɗan rubuto mana samfurin wasiƙar nan a nan, kuma da Hausa za a iya rubutawa ko dole sai da Turanci? Sannan ofishin wa ake kaiwa, na minista ko na babban sakatare?