Kakan surukata ya zo daga Norway: in biya mai bincike dala 600 ko mu ci gaba da kanmu?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Ina aure a Moorhead ta jihar Minnesota, bana shekara tara. Maigidana Ba'amurke ne. Kakarsa ta wajen uba tana nan da ranta, shekararta 91, kuma ita ce ta riƙe ni hannu biyu lokacin da wasu a dangin ke yi mini kallon hadarin kaji. Burinta ɗaya yanzu, ta san gonar da kakanta ya baro a Norway kafin ta bar duniya.

Ga abin da ke hannunmu. Akwai akwatin katako mai fentin furanni ja da shuɗi, an rubuta O.O.S. 1868 a gabansa, har yau a ciki take ajiye barguna. Ƙidayar Amurka ta 1880 ta nuna shi a gundumar Otter Tail: Ole Olson, manomi, shekara 34. Ta 1900 ta ce an haife shi a watan Maris na 1846, ya shigo a 1869. Dutsen kabarinsa kuma ya ce 1845. Takardar mutuwarsa ba ta ƙara mu da komai ba, sunan uba Ole, wurin haihuwa Norway, shi ke nan. Dangi suna cewa daga Valdres yake. Na shiga Digitalarkivet, shafin ma'ajiyar takardu ta Norway, na duba ƙidayar Norway ta 1865, na tarar da Ole Olsen sa'anninsa sun fi goma a yankin. Yanzu ina bin gonakin da sunansu ya fara da S saboda harafin da ke jikin akwatin.

Wata mai bincike ta ce dala 600 na awa goma, kuma ba ta yi alkawarin samo shi ba. Kuɗin nan cikin na tikitin da muke tarawa ne don mu je can a watan Yuli. In biya ta, ko mu ci gaba da kanmu? Wanda ya taɓa yi nake son ji. Kuma don Allah ku lura, a 1869 ya zo.

Ɗan Zango Bronx:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki shiga shafin Ellis Island, tsohuwar tashar karɓar baƙi a New York, ki rubuta sunansa, kyauta ne. Duk Baturen da ya zo ƙasar nan ta nan ya bi. A can ma ake canza musu suna.

Abu Sadiq:
Gwajin DNA kawai. Dala 99 na yi nawa, tsohuwa ta tofa miyau a kwalba an wuce wurin.

Zee Chicago:
Dala 99? An yi maka tsada Abu Sadiq. Ni 39 na saya a rangwamen watan Nuwamba.

Gwani Na Kurmi:
Neman Ole ɗan Ole a Norway ai kamar ki tsaya a masallacin Idi na Kano ki ce Muhammadu ɗan Muhammadu ya ɗaga hannu ne. Rabin sahu zai amsa, har da liman 😂

Baba Laburare:
Ɗan Zango, sai a 1892 aka buɗe Ellis Island, mutumin nan ya riga ya yi shekara 23 yana noma. Batun canza suna a can ma tatsuniya ce, daga takardar jirgi ma'aikatan ke karantawa.

'Yata, na yi shekaru ina aiki a laburare a Arewacin Dakota, masu irin tambayarki sun zo gabana ba adadi. Na farko, ki bar bin harafin S. A akwatunan nan S yawanci "søn" yake nufi, wato ɗa, na mata kuma D, "datter". O.O.S. Ole ɗan Ole ne kawai. Mutanen karkarar Norway a lokacin suna da sunan yanka, da sunan uba, sai sunan gonar da suke zaune, wanda yake kamar adireshi: in mutum ya tashi, sunan ya canza. Sai dokar 1923 ce ta tilasta kowa ya riƙe sunan iyali ɗaya.

Na biyu, kin yi saurin tsallaka teku. Ki gama da Amurka tukuna. Nemo cocin Lutheran da ya binne shi. Fastocin wancan lokacin 'yan Norway ne, da harshensu suke rubuta kundi, kuma sau da yawa a rajistar aure ko ta jana'iza sukan sa ikilisiyar da mutum ya fito. Ki duba waɗanda suka tsaya wa 'ya'yansa ranar baftisma, galibi 'yan uwa ne ko 'yan garinsu, wani cikinsu zai zo da sunan gona. Haka maƙwabtansa a shafin ƙidayar 1880. Kada ki wahalar da kanki neman ta 1890, gobara ta ci yawancinta a 1921, amma Minnesota ta yi nata ƙidayar a 1875, 1885, 1895 da 1905. Mutanen Valdres da yawa sun fara sauka a Wisconsin, har akwai garin Valders a gundumar Manitowoc, sai ki neme shi a can a ƙidayar 1870.

Alhaji Seattle:
Ƙanwata, kada ki ba kowa sisinki. Ni nan na ga abin da ya ishe ni.

Surukina marigayi mutumin kirki ne, kamun kifi ya yi duk rayuwarsa. Da ciwo ya kama shi ya ce yana son ganin inda kakansa ya fito a yankin Sogn na Norway. Ni ne na kawo shawarar a ɗauki mai bincike, ni na nemo shi, ni na biya dala 1,200 daga aljihuna don in faranta wa dattijon. Bayan wata biyu ya aiko da takardu masu kyau, da bishiyar dangi har zuwa wajen 1700, da sunan gona. Muka kwashi jiki mu shida muka tafi. Mutanen gonar suka karɓe mu, aka kawo kofi da wainarsu da cuku mai ruwan ƙasa, wata tsohuwa ta ɗauko hotuna tana cewa ga hancinsu iri ɗaya. Surukina ya durƙusa a bakin kabari a harabar coci yana kuka. Har ƙasar wurin ya ɗebo a leda.

Alhaji Seattle:
Bayan ya rasu da wata takwas, ƙanwar matata ta nemo fayil ɗin filin da kakan ya samu daga gwamnati. A ciki mutumin ya sa hannu da wani sunan gona daban. Ta koma kundin cocin da mai binciken ya yi amfani da shi, ta buɗe sashen mamata, sai ga wanda aka ba mu a matsayin kaka ya mutu a Norway a 1871. Ko jirgi bai taɓa hawa ba. Littafi ɗaya ne fa, shafuka kaɗan a gaba, mutumin bai buɗe ba. Na rubuta masa sau uku, ya ce shi "mafi kusa" ya ba mu. Ƙasar nan ta leda an zuba ta a kabarin surukina kamar yadda ya yi wasiyya. Har yau in an taru cin abincin ƙarshen shekara sai wani ya tayar da zancen, kowa ya juyo ya dube ni.

Ummu Khalil:
Innalillahi. Alhaji Allah ya ba ka ladan niyyarka, ai da alheri ka nufa.

Zee Chicago:
Amma 1,200 Alhaji? Wata ƙawata 250 ta biya aka samo mata komai.

Alhaji Seattle:
Aka samo mata komai, ko aka ba ta takarda ta karɓa? Ta duba sashen mamata? Ni ma ai murna nake yi shekara guda cur.

Sani Bergen:
Ni a Norway nake zaune shekara 14, ina jin yaren, 'ya'yana a nan aka haife su. Maganar gaskiya ku da ke Amurka kuna wahalar da abin. Hajiya ki zo kawai a Yulin, ki hau mota zuwa Fagernes, akwai gidan tarihin Valdres a wurin, tsofaffi sun san kowace gona. Kusan kowane yanki yana da bygdebok, littafin da ya jera gonaki da duk wanda ya zauna a cikinsu. Ki ajiye kuɗinki don abinci, don nan ruwan kwalba ma sai ya sa ki salati.

Baba Laburare:
Malam Sani, ta je ta tambayi tsofaffi wa? Ole ɗan Ole? Irin tafiyar da Alhaji ya ba da labari ke nan. Valdres ba gari ɗaya ba ne: akwai Vang, Slidre ta yamma da ta gabas, Aurdal ta arewa da ta kudu, da Etnedal. Bygdebok kuma da sunan gona ake shigarsa, kuma wasu ba su damu da husmann ba, wato talakan da ke zaune a gefen gonar wani yana biya da aikin ƙarfi, alhali irinsu da ƙannen da babban wa ya gaje gona ya bari su ne suka cika jiragen. In littattafan take so, jami'ar da ke Grand Forks tana da tari mai yawa, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga gidanta.

Sani Bergen:
Baba da girmanka, ka taɓa taka ƙasar? Karatu daban, zama daban.

Baba Laburare:
Ban taɓa ba. Kai ka taɓa karanta rubutun hannun fasto na 1846? Salon rubutun Gotik ne, harshen kuma na Denmark ne kusan duka. Ka gwada shafi ɗaya ka dawo mu yi magana.

Gwani Na Kurmi:
A yi haƙuri dattawa. Duk wanda ya iya cin kifin nan nasu da ake jiƙawa a ruwan toka har ya koma kamar kamu, shi za mu naɗa sarkin Norway na zauren nan.

Bappa Ngaoundéré:
Ikon Allah, mu a nan Kamaru mun san mutanen nan. 'Yan mishan na Norway sun zo garinmu tun 1925, har unguwa da asibiti ake kira da sunansu. A asibitin aka haifi yayata.

Ummu Khalil:
Mu ma a Numan su ne suka zo.

Bappa Ngaoundéré:
A'a Hajiya, naku 'yan Denmark ne.

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai. Alhaji, labarinka ya hana ni barci jiya. Baba, zancen S ɗin nan ya kashe mini jiki, sati uku na yi a kansa. Na kira cocin, sakatariyar ta ce tsofaffin littattafan suna cikin sif a ofis, in zo ranar Talata. Fayil ɗin fili da Alhaji ya ambata fa, nawa ne kuma a ina ake nema?

Abu Sadiq:
Kyauta ne a intanet, shafin hukumar filaye ta BLM.

Alhaji Seattle:
Ba kyauta ba ne. Dala 50 aka biya a ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Washington, aka jira watanni.

Zee Chicago:
Wani ya ce mini 150 ya ba wani ya shiga ya ɗauko masa hoto cikin sati ɗaya.

Baba Laburare:
Abu biyu kuke haɗawa. Na kyautar takardar mallaka ce, shafi guda mai suna da lambar fili. Fayil ɗin kuwa shi ne mai nama. Dokar 1862 ta ba mutum eka 160 in ya zauna shekara biyar yana nomawa, kuɗin rajista duka dala 18. Kafin a mallaka masa sai ya kawo shaidu biyu, ya faɗi girman ɗakin da ya gina da eka nawa ya nome, ya kuma nuna takardar zama ɗan ƙasa. Shaidun nan ki rubuta sunansu. In kin samu ikilisiya, sai ki buɗe sashen masu ƙaura a kundinta na 1868 da 1869, da rajistar masu fita ƙasar ta 'yan sandan Kristiania, wato Oslo ta yau, wadda aka fara a 1867, da jerin fasinjojin Quebec, don da yawa ta Kanada suka bi. Sannan ki yi abin da mai binciken Alhaji bai yi ba: duk Ole da kika zarga, ki neme shi a ƙidayar Norway ta 1875. In yana can, ba naku ba ne.

Ɗan Zango Bronx:
Eka 160 a dala 18. Filin wa? Na mutanen Dakota da Ojibwe ne aka kora. A garin Mankato na Minnesota an rataye 'yan Dakota 38 rana ɗaya a Disambar 1862. A gaya wa tsohuwa wannan ma.

Malam Habu Katsina:
Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Talaka baƙo ya yi noma shekara 150 da suka wuce, yau jikarsa za ta aika dala 50 a kawo mata takarda har da girman ɗakinsa. Gonar kakanmu da muka noma tun muna yara, kawunmu ya sayar da ita muna makaranta. Da muka tayar da magana aka ce ina takarda? Dagacin da ya san iyaka ya rasu, itacen kukar da ke kan iyakar an sare. Shekara shida muna zaryar kotu.

Ummu Khalil:
Malam Habu kamar ka shiga gidanmu. Mu mata ma ko zama ba a kira mu ba ranar rabon.

Sani Bergen:
Laifinku ne ku 'yan boko, me ya hana ku yin takardar tun dattawa na da rai?

Malam Habu Katsina:
Ka taɓa bin takardar fili a gida Malam Sani? Fayil ɗinmu sau biyu ana cewa ya ɓata, sau biyu ina sake biya. Daga Bergen komai sauƙi ne.

Maman Hanan:
Allah ya fitar muku da haƙƙinku Malam Habu. Baba, na je cocin. A baftismar ɗansa na fari a 1874 akwai mace cikin waɗanda suka tsaya, Marit Olsdatter, da wata kalma a bayan sunanta da na kasa karantawa, ko H ce ta fara ko K. Na ɗauki hoto. In turo maka, ko wannan ne aikin da ya kamata in biya matar nan awa ɗaya ta duba?

Alhaji Seattle:
Ko minti ɗaya kada ki biya.

Malam Habu Katsina:
Malam Sani ina jiran amsarka. Ka taɓa bi ko ba ka taɓa ba?