Diyonisiyas nawa ne a tarihi? A taimaka mini in rarrabe su

Ɗalibar Tarihi: Salama gare ku, 'yan'uwa. Ina haɗa darasi kan tarihin Ikkilisiya, sai sunan Diyonisiyas ya ɗaure mini kai. Nan a ce almajirin Bulus ne, can a ce a Faris aka fille masa kai, wasu kuma su ce shi ya tsara shekarun miladiyya. Yaya zan tantance?

Malamin Seminari: 'Yar'uwa, ba mutum ɗaya ba ne. Duk inda kika ci karo da sunan, ki rubuta abu uku kusa da shi: ƙarni, gari, da laƙabi. Na Ayyukan Manzanni 17:34, wato almajirin Bulus, ɗan majalisar Tudun Arasa ne a Atina, ƙarni na 1. Na Faris, wanda Faransawa ke kira Denis, bishop ne da aka kashe wajen shekarar 250. Akwai bishop na Iskandariya, wanda ya riƙe muƙamin daga 248 zuwa 264, ga kuma Fafaroma Diyonisiyas, daga 259 zuwa 268. Waɗannan biyun zamaninsu ɗaya, har wasiƙa sun yi wa juna, a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Mai Binciken Littattafai: Malam ya faɗi gaskiya, amma ga tushen ruɗanin. Wajen shekarar 500 wani marubuci, da alama daga Siriya, ya rubuta littattafan tauhidi da Girkanci ya jingina su ga mutumin Atina. Tunanin Furokulus, masanin falsafar da ya rasu a 485, ya cika su fal, kuma babu wanda ya ambace su kafin ƙarni na 6. Sai a ƙarni na 9 Hilduwin, shugaban gidan sufaye na Saint-Denis, ya haɗe na Atina, na Faris da marubucin ya mai da su mutum guda. Don Allah kada ki ɗora wa almajirin Bulus waɗannan littattafai, ki ce na wanda ya ari sunansa ne.

Baban Ɗakin Karatu: Mai miladiyya shi ne Diyonisiyas Ƙarami, sufi a Rum. A 525, yana lissafin ranakun Ista, ya ƙi ƙirga shekaru daga sarautar Diyokiletiyan, sarkin Rum mai tsananta wa Kirista, ya fara daga haihuwar Yesu. Tsarin ba shi da shekara ta sifiri, saboda haka in kina ƙirgawa daga kafin miladiyya zuwa bayanta, ki haɗa lambobin biyu ki cire 1. In kuma kika ga birnin Sirakus ko Aflatun masanin falsafa kusa da sunan, ɗaya ne daga sarakunan kama-karya na Sisili masu wannan suna, na farkonsu ya mutu a 367 kafin haihuwar Yesu.