Kat-kat (mai jan ƙafa huɗu) ko ƙaramar mota: wace ce za ta fi cin aljihu a Maraɗi?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sanin mota. Hankalina ya rabu tsakanin Corolla mai inji 1.8, da RAV4, da Prado mai esansi, dukansu na hannu. Tafiyar kamar kilomita 1,500 ce a wata: cikin gari, Tasawa, wani lokaci Yamai, sai ƙauye bayan Dakoro sau biyu ko uku a shekara. Nawa ne bambancin duwan (kuɗin kwastam) da binyet (harajin mota na shekara) da mai? Kuma maganar da ake yi cewa manyan motoci sun fi ɓata iska, gaskiya ce?

Mai Takardun Duwan:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kuɗin hukuma kashi biyu ne. Na farko duwan, sau ɗaya ake biyansa, kuma bisa ƙimar motar ake lissafa shi: samfurinta, shekarar ƙira, girman inji. A kan wannan ake ɗora harajin TVA, kashi 19 cikin ɗari. Don haka duk abin da Prado ta fi Corolla tsada, harajin ma haka zai bi ta. Ga kuɗin hanya: tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, motocin da a da ke fitowa ta Kotonu da yawa sai ta Lome da Burkina suke zagayowa.

Na biyu shi ne na kowace shekara: binyet, asiransi (inshora), bizit teknik (gwajin lafiyar mota). Binyet da asiransi suna bin dawakin inji, wato CV, da aka rubuta a kart giriz, takardar rajistar mota. Kafin ka ba da ko dala, karɓi kart giriz ka duba wannan gurbin, sannan ka gwada lambar shasi da ke takarda da wadda aka buga a jikin mota, harafi 17 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. In an sauya inji ba a gyara takarda ba, ko takardar duwan ba ta motar ba ce, kai za a tsare a shinge, ba dillali ba.

Bakanike Sabon Gari:
Alhaji, takarda sau ɗaya take cizo a shekara, mai kuwa kullum. Mu yi lissafi da farashin da aka sa a Yulin 2024, lita ɗaya sefa 499. Corolla mai lafiya tana shan kamar lita 7 da rabi a kilomita 100, RAV4 kamar 10 da rabi, Prado V6 kamar 14. A tafiyarka ta wata, Corolla lita 113, jaka 56 (jaka ɗaya sefa dubu ce). RAV4 lita 158, jaka 79. Prado lita 210, jaka 105. Tsakanin Corolla da Prado kusan jaka 50 ke nan duk wata, wajen jaka 580 a shekara. Ka kunna kilim a zafin Afrilu, ka ƙara wani abu a kai.

Sai gyara. Bidanjin Corolla, wato sauya baƙin mai, lita 4 ya ishe ta, Prado ta haura 5, kuma ita tana da wuraren mai da ƙaramar ba ta da su: akwatin raba ƙarfi da difaransiyal biyu, gaba da baya. Taya 195/65 R15 ta Corolla ko'ina akwai ta. 265/65 R17 ta Prado kuɗinta daban ne. Ga wani kuskure da ke kashe motoci masu jan ƙafa huɗu: mutum ya sa sabuwar taya ɗaya, ukun sun cinye. Zagayensu ba ya zama daidai, sai na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ta yi ta aiki ba hutu har ta yi zafi ta lalace. In za ka sauya, sauya huɗun, ko aƙalla biyu masu iri ɗaya da zane ɗaya.

Direban Dakoro:
Lissafin Malam Bakanike daidai ne, amma kada a raina tsayi. Cikin Corolla kamar santimita 15 yake daga ƙasa, na Prado ya haura 20. A hanyar yashi inda manyan motoci suka yi kwari biyu, tudun tsakiya ke kama cikin ƙaramar mota, tayoyi su yi ta juyi a banza, ko kaskon mai ya fashe. Da damina kuma, in ruwa ya kai bakin shaƙar iska, inji ya sha, sandunan fiston su lanƙwashe, sai sauke inji.

Sai dai sau uku a shekara bai kai a ɗauki nauyin Prado ba. Jaka 580 ɗin nan ta isa hayar kat-kat da direbanta na waɗannan tafiye-tafiye. In ka shiga yashi da kowace mota, rage iskar taya zuwa kamar bar 1.5 a ma'aunin iska, kada ka taka mai da ƙarfi, kuma ka mayar da iskar da zarar ka hau kwalta, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe.

Malama Muhalli:
Yaya, maganar iska gaskiya ce, kuma lissafinta mai sauƙi ne: duk litar esansi da ta ƙone tana fitar da kamar kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya, gazuwal kamar 2.7. A kilomita 18,000 na shekararka, Corolla tan 3 da ɗan kai, Prado kusan tan 6.

Abin da ya fi damuna shi ne hayaƙin da muke shaƙa a bakin kasuwa. Motoci da yawa suna isowa an riga an yanke musu katalizer, tukunyar da ke jikin salansa mai tace guba, saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta. Ƙaramar mota da aka yi wa haka ta fi kat-kat mai cikakken salansa zuba guba a hancin mai tallan da ke tsaye bayanta. Ka sa a ɗaga motar ka duba: in ka ga sabon walda da bututu miƙaƙƙe a wurin tukunyar, an cire. Ka kuma lura da fitilar inji: ya kamata ta kama in ka murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an kashe ta ne don a ɓoye matsala.

Bakanike Sabon Gari:
Haka ne, Malama. Kuma da hunturu a riƙa ciro filtar iska ana dubawa duk bidanji. In ƙura ta toshe ta, ƙarfin mota ya ragu, direba ya ƙara taka mai, lita 7 da rabin nan sai ta wuce haka.