Gyambon ya bushe da kansa, yanzu kuma ƙuraje a tafin hannu

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Don Allah masu aikin asibiti ku taimaka min. Wajen wata biyu da suka wuce wani ɗan gyambo ya fito min a gaba, zagayayye, gefensa da tauri, ba zafi ba ƙaiƙayi. Mai kemis ya ba ni man shafawa, ya bushe. To yanzu ga wasu ƙuraje masu duhu-duhu a tafin hannu da tafin ƙafa, su ma ba sa ƙaiƙayi, ga kaluluwa a wuya da matsematsi, ga zazzaɓi sama-sama. An ce taifot ne, na sha magani, shiru. Kuma an sa ranar aurena bayan Babbar Sallah. Hankalina a tashe yake.

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A ɗakin gwajin jini nake aiki, kuma abin da ka zayyana ya yi kama da tunjere ƙwarai. Gyambonsa kan fito kamar mako 3 bayan saduwa, ya bushe cikin mako 3 zuwa 6 ko an shafa magani ko ba a shafa ba. Nan mutane ke ruɗuwa. Ƙwayar cutar, Treponema pallidum, ta riga ta bi jini, ƙurajen tafin hannun nan mataki na biyu ke nan. Wasu gashin kansu kan zube gurbi-gurbi, wasu farin tabo ya fito musu a baki. Waɗannan alamun ma za su ɓace, cutar ta yi lamo shekara 10, 20, har 30, sannan ta taɓa zuciya, ƙwaƙwalwa ko ido.

Ka je asibiti gobe-goben nan a yi maka gwajin jini na tunjere, VDRL ko RPR, sannan a tabbatar da sakamakon da wani gwajin jinin, TPHA. A haɗa da gwajin HIV, don gyambon na buɗe wa HIV ƙofa.

Maman Ilham:
Ƙanena, ni ungozoma ce, amaryar nan nake ji wa. Tunjere na ratsa mahaifa ya kama ɗan tayi. Na karɓi haihuwar jarirai ba rai, iyayen lafiya lau a ido, sai gwaji ya nuna. Shi ya sa muke duba shi a awon ciki. Duk wadda ka kusanta a watannin nan ka sanar da ita, a yi mata magani ita ma.

Ɗan Kurna:
Na gode. Yana warkewa kuwa? Ko sai an ɗaga bikin?

Baban Sadik:
Yana warkewa sarai, in sha Allahu. A matakinka allurar benzathine penicillin ce sau ɗaya a ɗuwawu. Wanda ya daɗe da cutar sau uku, mako-mako. A asibiti za a yi, ba a kemis ba, kuma in penicillin na yi maka illa ka faɗa tun farko. Ranar farko zazzaɓi da ciwon kai na iya tasowa, kar ka tsorata. TPHA kan ci gaba da nunawa har bayan an warke, don haka RPR ake maimaitawa a wata 6 da wata 12 a ga ya sauka. Maganar biki kuwa, gaya wa likita ranar, shi zai faɗa maka lokacin da za ka kusanci iyali.